Wa Ya Buɗe wa Ciwon Barci Ƙofar Ƙwaƙwalwa?

A Yawunde, in aka ce wa mutum "sai an kai ka Jamot", ya san ba yabonsa ake yi ba. Asibitin Jamot da ke Mballa II, can ake kai masu tarin fuka da masu taɓin hankali, kuma na biyun ne suka fi tafiya da sunan a bakin jama'a. Amma mai sunan, Eugène Jamot, ba likitan taɓin hankali ba ne, ba kuma na huhu ba. Ciwon barci ya yaƙa. Yau ka bi layin teloli da masu tsire na unguwar Briqueterie kana tambayar samari ko sun taɓa ganin mai wannan ciwo, da wuya ka sami ko guda. Mahauta da dillalan shanu ne za su gyaɗa kai, su ma ta wajen dabba suka san shi: sammore, wanda ƙudan tsando ke sa wa saniya ta yi ta ramewa har ta faɗi. Shi ya sa yawancin naman da ake gasawa a unguwar daga Adamawa da arewa yake gangarowa, ba daga kurmin da ya kewaye birnin ba.

Ƙwayar da ke kama mutum 'yar'uwar ta sammore ce, kuma ta daɗe tare da mu. Ibn Khaldun ya ba da labarin Mari Jata na biyu, sarkin Mali, wanda barci ya yi ta rinjayarsa wajen shekara biyu har ya rasu a kusan 1373. A 1803 wani likitan Ingila a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya rubuta cewa masu ciwon kan yi kaluluwa a bayan wuya, kuma masu sayen bayi sun riga likitoci sanin haka, don sukan lalubi wuyan mutum kafin su biya kuɗi.

Wanda ya fara leƙa cikin ƙwaƙwalwar kanta shi ne Frederick Mott. An kai wasu 'yan Kwango biyu asibitin Charing Cross a Landan, suka mutu a can, a 1899 Mott ya yanka ƙwaƙwalwarsu sala-sala, ya rina, ya duba a madubin likita. Ya tarar da ƙananan jijiyoyin jini kowace fararen ƙwayoyin jini sun yi mata ƙawanya, sun yi cincirindo a inda bai kamata a gan su ba. Kumburi ne, na ƙwaƙwalwa da na rigar da ta lulluɓe ta. A lokacin ba wanda ya san mai laifi. Sai a 1901 aka ga ƙwayar tana wutsil-wutsil a jinin wani ma'aikacin jirgin ruwa a Gambiya, a 1903 kuma Aldo Castellani ya gan ta a ruwan lakar marasa lafiya a Yuganda, David Bruce ya ɗaure zancen da cewa tsando ke yaɗa ta. Annobar da ta kai su Yugandan ta ci wajen mutum 250,000.

Daga nan aka gane ciwon hawa biyu ne. A hawa na farko ƙwayar tana cikin jini da kaluluwa: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ciwon kai, ƙaiƙayi. Mutum na iya yin shekara ko fiye a haka yana noma abinsa. A hawa na biyu ta shiga ƙwaƙwalwa, hali ya sauya, mai kunya ya koma mai faɗa, hannu ya kama rawa, barci ya rikice, daga ƙarshe a suma a tafi. Duk wahalar da likitoci suka sha shekara ɗari a tsakanin hawan nan biyu take, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tare mafi yawan magunguna. Abin dariya ma, da kayan yaƙin ciwon barci aka tabbatar da shingen. Paul Ehrlich na Jamus yana ta gwada rini iri-iri ko zai kashe ƙwayar, sai almajirinsa Edwin Goldmann, haifaffen Afirka ta Kudu, ya ɗauki wani shuɗi daga dangin rinin nan ya ɗura wa dabba a jini. Ko'ina ya yi shuɗi, ban da ƙwaƙwalwa da laka. A 1913 ya juya gwajin, ya sa rinin a ruwan laka, sai ƙwaƙwalwar kaɗai ta rinu.

Jamot bai damu da wannan ba. Shi mutumin ƙidaya ne da tafiyar ƙasa. Ya iso Kamaru a 1922, ya sauka Ayos a bakin kogin Nyong, yankin da Jamusawa suka riga suka kafa sansanonin masu ciwon kafin yaƙin 1914. A wasu ƙauyukan wajen, waɗanda suka kamu sun fi waɗanda suka tsira yawa nesa ba kusa ba. Dabararsa ɗaya ce: kada a jira mara lafiya ya zo, a je a same shi. Ayari ya iso ƙauye, a sa sarki ya tara kowa da kowa, tsoho da jariri, a jera su. Ma'aikaci na farko ya bi layi yana lalubar wuya. Mai kaluluwa a fitar da shi gefe, a tsikare ta da allura, a ɗiga ruwan a kan gilashi, a miƙa wa masu madubi da ke zaune a jere ƙarƙashin rumfa. In an ga ƙwaya, a shafa wa mutum alama a ƙirji, a rubuta shi a littafi, ya wuce layin allura. Kusan duk hannayen da suka yi aikin nan na 'yan Kamaru ne da aka horar a Ayos, ko da yake sunan Bature ɗaya tarihi ya riƙe. A 1926 aka kafa masa hukuma ta kansa, ba ya ƙarƙashin kowane kwamandan yanki. Cikin 'yan shekaru suka duba mutum sama da 600,000, suka sami fiye da 100,000 da ciwon, kuma kafin 1931 annobar ta karye.

Ba da lallashi aka yi ba. Wanda ya ƙi zuwa layi hukunci ne, wanda zai fita daga yankin da ciwon yake kuma sai da takardar likita. Fatake Hausawa, waɗanda tun zamanin Jamus suke ratsa kurmin nan da tufafi da shanu suna komawa da hauren giwa da roba da goro, irinsu ne wannan doka ta fi takura wa, tunda a idon Turawan mulki duk mai yawo mai ɗauke da cuta ne. Turawan Ingila ma a Arewacin Nijeriya sun bi sawu a shekarun 1930 da nasu ayarin masu lalubar wuya, sannan suka ƙara da tashin gari: a Anchau ta ƙasar Zazzau aka sare kurmin rafuffuka, aka kwashe mutane zuwa sabon gari mai suna Takalafiya.

Maganin da Jamot ya dogara da shi ga waɗanda ciwon ya kai musu ƙwaƙwalwa shi ne tiriparsamid, wanda Louise Pearce ta Cibiyar Rockefeller ta gwada a Kwango a 1920. Guba ce ta arsenik da aka yi wa linzami. Tana tsallake shingen, amma tana da ƙiyayya da jijiyar ido. A yankin Bafia wani matashin likita daga cikin mutanen Jamot ya ƙara yawan abin da ake ɗurawa fiye da ƙa'ida, kimanin mutum 700 suka makance. A 1931, shekarar da ake ta yi masa kirari a baje kolin mulkin mallaka a Paris, aka ɗora wa Jamot alhakin, aka hana shi komawa Kamaru. Ya yi aiki a Wagadugu, ya koma ƙauye a Faransa, ya mutu a 1937. Makafin Bafia kuwa ba wanda ido ya dawo masa. Jijiyar ido reshen ƙwaƙwalwa ce, kuma a shekarun nan ne babban malamin fannin, Santiago Ramón y Cajal na Sifen, ya yanke hukuncin da aka daɗe ana karantarwa: jijiyar hannu ko ta ƙafa in ta tsinke tana iya tohowa, ta ƙwaƙwalwa da laka ba ta yi.

A 1949 Ernst Friedheim ya kawo melarsoprol, shi ma ɗan gidan arsenik. Yana warkarwa ƙwarai, yana kuma kisa. Allurarsa na ƙona jijiya tun tana shiga, kuma cikin kowane mutum ɗari da aka yi wa, biyar zuwa goma ƙwaƙwalwarsu kan kumbura farat ɗaya, su kama jijjiga, wajen rabinsu su mutu. To likita ba zai ba kowa irin wannan ba, dole ya san ko ƙwayar ta haye. Hanyar sani ɗaya ce, allurar baya. A zaunar da mutum a kan benci, ya sunkuya ya rungume gwiwoyinsa, wani ya danne masa kafaɗa. Ma'aikaci ya lalubi gurbi tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ya soka doguwar allura a hankali har ruwa garai-garai ya fara ɗiga cikin kwalba. A kai madubi a ƙirga. In fararen ƙwayoyi sun wuce biyar a ɗigon da ake aunawa, an shiga hawa na biyu. Mutum ya tashi da ciwon kai na kwanaki, kuma ko ya warke sai ya riƙa dawowa ana maimaita masa har shekara biyu. Ba mamaki mutane suka riƙa shigewa daji in sun ji motar ayari. A Kamaru akwai ƙarin dalili: a Nuwamban 1954, a yankin Yokadouma, allurar rigakafi ta lomidin da aka haɗa da gurɓataccen ruwa ta ruɓar wa mutum wajen 300 tsoka, sama da 30 suka rasu.

Zuwa 1960 ciwon ya yi ƙasa sosai, sai aka saki jiki. Yaƙe-yaƙen Kwango da Angola da Sudan suka dawo da shi. A 1998 an ba da rahoton kusan mutum 40,000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta waɗanda ba a gano ba sun kai 300,000. A tsakanin nan ne masanan ƙwaƙwalwa suka waiwayo tambayar da Mott ya bari.

Na farko da ya kamata a ambata a Nijar ya fara. Alain Buguet, likitan sojan Faransa da ke koyarwa a Jami'ar Yamai, a ƙarshen shekarun 1980 ya liƙa wa wani mai ciwon wayoyi a ka, ya naɗi motsin ƙwaƙwalwarsa awa 24 cur. Ya maimaita a Daloa ta Kodebuwa da Barazabil. Sakamakon ya saɓa wa abin da kowa ke zato. In aka tara awannin, mai ciwon barci bai fi mai lafiya yawan barci ba. Tsarin ne ya wargaje: ya ɗan runtsa da hantsi, ya farka, ya sake da azahar, tsakar dare kuma ido biyu. Sau da yawa ma da ya rufe ido sai ya faɗa barcin mafarki kai tsaye, wanda mai lafiya sai ya yi fiye da awa guda kafin ya kai gare shi. Agogon jiki ne ya lalace.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin yadda hakan ke faruwa shi ne Krister Kristensson na Cibiyar Karolinska a Sitokholm. Kafin ya taɓa ciwon barci ya riga ya yi suna. A 1971, shi da Yngve Olsson, suka sa wani furotin a tsokar ƙafar ɓera, daga baya suka same shi can cikin laka, a jikin ƙwayoyin da jijiyar ƙafar ta fito daga gare su. Ashe jijiya ba saƙo kaɗai take kaiwa gaɓa ba, tana kuma ɗauko kaya daga bakinta ta mayar tushe. Wannan ya buɗe hanyoyi uku. Masu zana taswirar ƙwaƙwalwa suka sami abin bin sawun kowace jijiya. Masu nazarin rauni suka sami bakin zaren yadda tushen jijiya ke jin labarin an yanke ta a nesa har ya shiga shirin gyara. Shi kuma Kristensson ya bi ta uku, wato yadda ƙwayoyin cuta ke hawa wannan hanya su kai tsakiya. Daga nan ya gangaro kan ƙwayar tsando a shekarun 1980, tare da Marina Bentivoglio ta Jami'ar Verona a Italiya, wadda suka yi shekaru da dama suna aiki tare.

Abin da suka fara gani a ɓeraye shi ne ƙwayar ba ta afka wa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Takan fara zama a 'yan wuraren da shingen yake sako-sako, kamar inda ake tace ruwan laka da wasu lunguna a gindin ƙwaƙwalwa. Lungunan nan kuwa maƙwabtan ɗan gungun ƙwayoyin da ke riƙe da agogon dare da rana ne. Tana nan makonni, garkuwar jiki na ta yi mata ruwan sinadarai, sinadaran na malala kan maƙwabta. Zancen Buguet ya sami tushe.

Saura tambayar haye shingen. A farkon shekarun 1990 Moiz Bakhiet, ɗan Sudan, da Tomas Olsson, duk a Karolinska, suka nuna ƙwayar tana tsokanar wasu fararen ƙwayoyin jini su fitar da sinadarin kiran yaƙi mai suna intaferon-gamma. A 2004 abokin aikin Kristensson, Willias Masocha ɗan Zimbabuwe, ya sa ƙwayar a ɓerayen da aka haifa ba su iya yin wannan sinadari, da waɗanda ba su da waɗancan fararen ƙwayoyin sam. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu, sai ga ƙwayoyin cutar sun fito daga cikin jini amma sun maƙale a bangon jijiyar, tsakanin shimfiɗa biyu, sun kasa ƙarasawa. A ɓera mai cikakkiyar garkuwa kuwa, fararen ƙwayoyi na ratsa bangon don su je yaƙi, ƙwayar cutar na bin gurbin da suka buɗe. Shingen bai rushe ba, buɗe shi aka yi daga gida. Da ɗan gari kan ci gari. A 2009 Daniel Amin da sauran 'yan ɗakin binciken suka ƙara gano mai kiran: wani sinadari, CXCL10, da ƙwayoyin da ke yi wa ƙwaƙwalwa hidima ke fitarwa in intaferon ya taɓa su, kuma suka same shi da yawa a ruwan lakar 'yan Kwangon da ciwonsu ya kai hawa na biyu. Cincirindon da Mott ya gani shekara 110 baya ya sami bayani.

Mai gaggawa zai ce to a kashe kumburin mana a huta. Akwai gaskiya a ciki: a 1989 Jacques Pépin ya nuna a asibitin Nioki na Zayar, wato Kwango, cewa in aka haɗa melarsoprol da maganin kwantar da garkuwa, prednisolone, mummunan kumburin nan na raguwa da kusan kashi biyu cikin uku. Sai dai ɓeran da ba shi da intaferon ƙwayar kan fi cika masa jini. A 2016 kuma ɗakin Martin Rottenberg a Karolinska ya nuna wani sinadarin kumburin, nitirik oksaid, shi ke taimaka wa shingen ya tsaya da ƙafarsa, in aka cire shi ɓarna ta ƙaru. Kumburin da ke buɗe ƙofa da wanda ke tsare ta a jiki ɗaya suke, lokaci ɗaya. Masu nazarin raunin laka ma can suka iso ta tasu hanyar. A 1981 Albert Aguayo a Kanada ya dasa guntun jijiyar ƙafa a lakar ɓera, jijiyoyin laka suka toho a cikinsa, wato ba iyawa suka rasa ba, muhallin ne ya hana su. A 1998 Michal Schwartz ta Cibiyar Weizmann ta nuna wasu fararen ƙwayoyin jini na taimaka wa lakar da ta yanke ta ɗan farfaɗo. Hukuncin Cajal bai faɗi ba, amma ya sami togaciya.

A ganina ciwon barci ya ba da shaida mafi ƙarfi a wannan muhawara, ko da yake ba a cika kawo shi ba. Lokacin da eflornitin ya shigo, wanda aka amince da shi a 1990, an ga mutanen da suka riga suka suma sun farka cikin kwanaki, sun nemi abinci, har aka yi masa laƙabi da mai tayar da matattu. Wannan ba zai yiwu ba da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar sun mutu. Mafi yawansu suna nan da rai, kumburi ne ya rikita musu aiki, da ya lafa suka koma bakin aikinsu. Ba kowa ke komawa daidai ba, musamman wanda aka makara a kansa. Amma bambancinsu da makafin Bafia a fili yake: can guba ta kashe jijiya, nan ciwo ya ruɗa ta. (Eflornitin ɗin nan kamfani ya daina yinsa a shekarun 1990 don masu buƙatarsa ba su da kuɗi. Ya dawo ne bayan an fara sayar da shi a Amurka a matsayin man hana gashin fuska fitowa ga mata, kunya ta sa aka ƙulla yarjejeniya da Hukumar Lafiya a 2001.)

Zaren ya dawo Yawunde ta hannun Farfesa Alfred Njamnshi, likitan ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Yawunde kuma malami a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. Kristensson da Bentivoglio sun yi ta zagaya Afirka suna koyarwa a makarantun ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, kuma sun haɗa gwiwa da Yawunde da Kinshasa a aikin ciwon barci. A 2012 Njamnshi da su biyun, da Paul Seke Etet, da Jean-Jacques Muyembe wanda duniya ta fi sani da Ebola, suka wallafa wani gwaji mai sauƙi. An ɗaura wa marasa lafiya na'ura mai kama da agogon hannu, tana rubuta motsinsu dare da rana. Na mai lafiya a bayyane yake, rana cike da motsi, dare shiru. Na mai ciwon ya fito a yayyage, kuma bayan magani ana ganin dare da rana suna komawa mazauninsu. Mutane kaɗan aka gwada, amma manufar babba ce, a karanta halin ƙwaƙwalwa daga wuyan hannu maimakon a huda baya.

Gaskiya ita ce ba agogon ne ya raba mutane da allurar baya ba, ba kuma CXCL10 ba, wanda bai taɓa zama kayan aikin ƙauye ba. Magani ne ya sha gabansu. Feksinidazol, wanda kamfanin Hoechst ya haɗa tun shekarun 1970 ya ajiye, ƙungiyar DNDi ta tono shi, aka amince da shi a 2018: ƙwaya ce ta haɗiya, kwana goma, tana aiki a hawa biyun. Yanzu sai ƙananan yara da wanda alamunsa suka yi tsanani ake wa allurar. Tun 2018 waɗanda ake ganowa da ciwon a duniya ba su cika dubu a shekara ba. Togo ta sami shaidar kawar da shi a matsayin barazana ga jama'a a 2020, Chadi a 2024. A Kamaru ana ci gaba da sa ido a tsofaffin matattararsa, irin su Campo da Bipindi da Fontem. Jamot ya karya annoba bai san me ke faruwa a ƙwaƙwalwa ba, waɗanda suka sani kuma sun iso marasa lafiya sun kusa ƙarewa.

Amma tambayar Kristensson, wace ɓarna ce ta ƙwayar cuta, wace ce ta garkuwar mai ita, ta sami sabon wurin aiki a kwarin kogin Mbam, ƙasar Bafia ɗin dai. Can farfaɗiya ta yi wa ƙauyuka katutu, kuma Njamnshi da ɗalibansa sun daɗe suna aiki a wurin. Michel Boussinesq ya nuna a 2002 cewa ƙauyukan da suka fi kusa da kogin, inda tsutsar makantar kogi ta fi yawa, su suka fi yawan masu faɗuwa. A 2018 Cédric Chesnais da abokansa suka koma suka nemo yaran da aka auna tsutsar a fatarsu a farkon shekarun 1990, suka tarar waɗanda suka fi ɗauke da ita a yarinta su suka fi kamuwa da farfaɗiya da suka girma. Wasu masana na ganin 'ya'yan tsutsar ne ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Wasu kuma, bisa wani bincike na Avindra Nath da abokansa a Amurka a 2017 kan yara masu ciwon gyaɗa kai a Yuganda da Sudan ta Kudu, na ganin garkuwar yaro ce ke kai wa tsutsar hari ta haɗa da ƙwaƙwalwarsa. Kafin su daidaita, ana raba Mectizan, maganin tsutsar, a ƙauyukan Mbam, ana kuma ƙirga sababbin masu faɗuwa a ga ko adadin zai sauka.